Shekarar da Madaci Ya Ƙi Shan Ruwa

Marka ta sauka mana a Talata Mafara, ta kuma ƙi tafiya. Ba ruwan kirki ba ne da zai zuba ya wuce a san an yi ruwa, yayyafi ne mai naci, ya ɗauke kamar ya haƙura, kana fitar da tabarma ya dawo. Maƙwabcin ɗana yana rufin ɗaki, ya jera katakai a ƙarƙashin rumfa yana shafe su da baƙin mai saboda gara, warin kuma ya biyo iska mai laima har inda nake. Tun da na shaƙe shi na kasa zama wuri ɗaya. In fita ƙofar gida, in dawo, in kunna rediyo, in kashe. Matar ɗana ta leƙo tana tambaya ko shayi nake so. Ba shayi nake so ba. Gulbi nake son gani, in san inda ruwa ya kai, alhali ba ni da ko zangarniya ɗaya a ƙetarensa bana. Yanzu ma ba gulbi kaɗai ke shiga tsakanin mutum da gonarsa ba. In ka ce za ka dawa, 'ya'yanka ne za su fara tare maka hanya, kuma da gaskiyarsu.

Warin nan wata damina ya tuna mini, wadda aka daɗe da yi, lokacin ina da ƙarfina, muna zaune a ƙauyenmu na bakin gulbi tsakanin Bakura da Birnin Tudu. Mahaifinmu ya riga ya rasu. Gidan ya rage daga Inna, sai yayana Garba da iyalinsa, sai ni Ummaru da matata Kulu, tana goyon ɗanmu na fari. Tukunya ɗaya muke ci, rumbu ɗaya muke ɗiba.

Daminar da ta gabaci wannan fari aka yi. Gero ya fara fitar da kai ruwa ya ɗauke, muna kallo ya tsaya ya bushe a tsaye. Abin da muka samu bai kai mu bazara ba. Na tuna ranar da na shiga rumbu da tsintsiya na share gindinsa, na miƙo wa Inna abin da ya taru, rabinsa ƙasa da kashin ɓera. Iri kaɗai ya tsira, shi ma don Inna ta liƙe shi a tulu ta tura ƙarƙashin gadonta, ta ce duk wanda ya taɓa bai ga fuskarta ba.

Muna da gona a ƙetaren gulbi, gadon Baba, ƙasa mai danshi da ko an yi fari ba ta kunyata mai ita. Aibinta ɗaya, tana ƙasa-ƙasa, in gulbi ya cika sosai yakan hau ta, don haka dole a kwashe gero da zarar ya nuna. Baba yana da jirgi na sassaƙa da yake yin wannan aikin da shi, amma ya ruɓe tun kafin shi ya rasu, manyan itatuwan da ake sassaƙa irinsa kuma sun ƙare a wajenmu. Shi ya sa muka yi sakaci da gonar. Bayan farin nan muka zauna mu uku muka yanke shawara: duk irin geron da ke cikin tulun Inna a ƙetare za mu zuba shi. Gonarmu ta tudu ta samu ɗan wake da 'yar dawa. Wato abincin gidanmu na shekara mun kai shi bayan ruwa, sai jirgi ne zai dawo mana da shi.

Yaya Garba ya ce jirgi ba abin damuwa ba ne. Kafinta ne, a Mafara ya koyi aiki, kuma in ana maganar ƙyaure a ƙasar nan sai a yi shiru idan ya iso. Wanda ya taɓa zama a ɗaki mai ƙyauren madaci ya san halinsa. Da rani ya tsuke har ƙadangare ya bi ta gefensa, da damina ya sha laima ya kumbura ya cije, sai an sa kafaɗa, wani ma sai an yi masa harbin jaki. Ƙyauren Yaya ba ya haka. Yakan dafa baƙin mai a rabin ganga, wanda yake samowa wajen masu injin niƙa, ya zuba maganin gara a ciki, ya shayar da katako tun da zafinsa, ya fi kuma matsa wa kan katakon inda zarto ya yanka. Yakan ce nan ne bakinsa, ta nan yake shan ruwa, in ka cika masa baki da mai ka huta. Daga Jangebe, daga Dosara, ana aiko masa. Yana da wata ɗabi'a da muke yi masa dariya a kai: in marka ta kankama sai ya tashi ziyarar mutanen da ya yi wa aiki, wai zumunci, alhali so yake ya tura ƙyauren da yatsa ɗaya a gaban mai gida, ya ga ya buɗe.

Ya taɓa zuwa Yawuri wani aiki, ya ga yadda ake haɗa jirgi da katako, ya kuma kalla da idon mai sana'a. Abin da ya fi burge shi, ba sa matse katakan. Sukan bar ɗan tsakani kamar kaurin bayan wuƙa, in an jefa jirgi a ruwa ya kwana biyu katakan su kumbura su ciji juna, ƙofar ta rufe da kanta. In ka matse su tun a bushe, ranar da suka kumbura za su ture ƙusa su bankare. Wannan ya riƙe shi daram, bai manta ba.

Da bazara ya fara aikin, a gindin dogon yaron ƙofar gidanmu. Katakan madaci ne da ya daɗe yana adanawa don ɗakin kansa, sun bushe ƙayau, in ka ƙwanƙwasa sai su amsa. Zafin shekarar nan ba a magana. Iska ba ta motsi, kaji sun saki fiffike suna haki, ƙusa in ta kwanta a rana ba ta ɗaukuwa da hannu. Ga yunwa. Da safe kunun dusa ne, tsararo, kana sha kana ganin gindin ƙwarya. Da rana babu. Da yamma in Allah ya sa Yaya ya samo ɗan garin rogo a bakin wani gyara da ya yi, a kwaɗa da zogale. A haka yake tsugune yana fere katako, gumi na ɗiga daga haɓarsa, ni ina riƙe masa. Duk inda katako biyu suka haɗu sai ya zura bayan wuƙarsa ya auna, ya bar tsakanin nan.

Da jirgi ya tsaya da siffarsa, sai na ga ya jawo rabin gangarsa ya ɗora a murhu.

Na ce, "Yaya, wanga mai hwa? Ba ruwa za shi shiga ba?"

Ya ce, "Don za shi shiga ruwa nika ba shi. Jirgin Baba mi yak kashe shi? Ruɓa da gara. Katako ai katako na, Ummaru. In ba ka shayar da shi ba, ka ba ƙwari abinci."

Magana ce mai ma'ana, ban ga abin musu a ciki ba. Ba wanda ya gani. Ya ɗaura tsumma a sanda ya bi jirgin nan ciki da waje, gefe da gefe, har cikin tsakanin katakan. Rana ta taya shi, katako busasshe ya yi ta zuƙe mai kamar an aiko shi. Ya bari ya sha ya ƙara, ya bari ya sha ya ƙara. Jirgi ya yi baƙi ƙirin yana sheƙi, mutane na tsayawa kallo. Gidanmu kuwa har ruwan randa sai da ya ɗauki wari. Inna ba ta kiran sunan Yaya, ba ta kuma yi masa magana kai tsaye, kunyar ɗan fari, sai ta bi ta kaina.

"Gaya ma ɗan'uwanka, in ya ƙare da jirgi shi zo shi shafa muna mu ma, ko gara ta ƙyale mu."

Yaya yana jin ta, ya yi murmushi ya ci gaba da shafarsa.

Ruwan shuka ya sauka da ƙamshin nan na ƙasa da ke sa mai yunwa ma ya ji daɗi. Gulbi a lokacin yashi ne da 'yan kududdufai, da ƙafa muke ƙetarewa. Inna ta fasa bakin tulu, muka kai iri ƙetare, ni ina sara, Yaya da matarsa suna bina suna zubawa suna takewa. Ya tsiro kamar an jera shi da hannu. Muka yi noman farko ruwan gulbi na iya ƙauri, muka yi maimai yana iya gwiwa. Aikin noma da cikin da babu komai, wanda bai yi ba ba zai gane ba. Kana duƙe da fartanya, ka ɗago, duniya ta yi duhu ta juya, ka tsaya ka jira ta dawo daidai. Mata suna bin bayan gari suna tsinko tafasa da rama da yaɗiya, a dafa a matse a barbaɗa gishiri. Ciki ya cika, ƙafa ba ƙarfi. Nonon Kulu ya ja baya, yaron ya kama ya saki ya yi kuka, kukan ma ba ƙarfi. Ni kuwa in na ji kukan nan sai in tashi in nufi bakin gulbi in hango gero, in dawo, ba don na manta yadda yake ba.

Geron kuwa ya yi kyau, kyawun da ke ba da tsoro. Kara kamar rake, kai dogo, ƙwaya ta cika har baki. Ranar da na karyo tumu na farko na kawo gida, aka gasa aka murje, yaran Yaya suka yi ta lasar tafin hannu, Inna ta tauna ƙwaya kaɗan ta yi hamdala. Saura ƙiris ya ƙarasa nuna.

A nan na fara damun Yaya a kai jirgi gulbi. Ya ce ruwa bai kai ba, zai zauna a kan yashi ne rana ta tsaga shi, yara su mayar da shi wurin wasa. Ya lulluɓe shi da zana a inuwa. Na sake magana ya ce in kwantar da hankalina, kwana biyu kawai jirgi yake bukata a ruwa, ya gani da idonsa a Yawuri. Hankalina bai kwanta ba, amma hankalina dama ba mai kwanciya ba ne, kowa a gidan ya san haka, don haka ba wanda ya kula.

Yanzu in an tafka ruwa a wajen Maradun, kafin ya iso an buga waya an gaya maka. A lokacin gulbi ne yake kawo labarinsa da kansa. Mu a wajenmu marka ce kawai, irin ta yau, tufafi ba sa bushewa, itace ba ya kamawa, gishiri ya narke a kwano. Muka wayi gari muka ji wani gurnani daga bakin gulbi. Na fita da gudu. Inda jiya na ƙetare da wando a naɗe, ruwa ne ja wur, ya cika daga gaɓa zuwa gaɓa, yana tafe da rassa da kumfa da bunun wata bukka. Ƙetare ya yi nisa kamar an ja shi baya.

Muka kira maƙwabta, aka taru aka ciccibi jirgi, ana ba'a, hannun kowa ya yi baƙi. Aka sauke shi a wani lungu da ruwa ba ya gudu, aka ɗaure a jikin wani gawo. Nan take ruwa ya ɓullo ta kowane tsakani, siriri-siriri, jirgi ya cika ya zauna. Yaya ya ce haka ake so, a bar shi ya sha. Muka bar shi.

Na kasa komawa gida. In kafa tsinke a bakin ruwa, in je in dawo in tarar ruwa ya haɗiye shi, in kafa wani. Kwana biyun Yaya suka cika, muka kwarfe ruwan da ƙwarya, kafin mu miƙe ya dawo. Ya ce madaci ne, mai taurin kai, a ƙara masa. Muka ƙara. Muka sake kwarfewa, ya zura bayan wuƙarsa a tsakani, ta shige sumul kamar ranar da ya auna da bazara. Na ga fuskarsa ta sauya. Ya koma gida da sauri ya ɗauko wani guntun katakon da ya rage, wanda ya sha mai tare da jirgin, aka jefar da shi a bayan ɗaki marka na dukansa tun farkon damina. Ya sa gatari ya fasa shi a gabana. Cikinsa a bushe yake ƙayau.

Ya daɗe yana kallon guntun nan. Sannan ya ce, "Ummaru, ni nar ruhe mashi baki. Na bar mashi wurin kumbura, kuma na hana shi sha."

Na ce, "To yanzu mi za a yi?"

"Za shi sha. Mai ba ya hana katako ruwa har abada, jinkiri yaka sa shi."

"Har yaushe?"

Shi ma bai sani ba. Ƙyaure bai taɓa sa shi ya tambayi kansa wannan ba, damina takan wuce tun kafin laima ta kai cikinsa.

Daga nan gidanmu ya koma bakin gulbi. Muka jawo jirgi gaɓa. Mata suka kafa tukwane, da jiƙaƙƙen itace mai hayaƙi da ke sa hawaye, suna tafasa ruwan toka, muna kwarara wa katako muna dirzawa da yashi, ko mai zai fita. Saman ya yi fari-fari, rana ta ɗan leƙo, mai ya sake tsatsowa daga ciki. Muka yayyaga tsofaffin zannuwa muka cusa a tsakani, santsi ya tofo su waje. Wani maƙwabci ya kawo guntun kwalta muka narka muka liƙa, ta ƙi kama jikin mai, tana sanyi ta ɓamɓare a hannu. Duk wanda ya zo da tasa dabarar, har da mai cewa a shafa kashin shanu. Muka shafa.

Ban da namu, jirgi ɗaya ne a ƙauyen, na masunta, kuma ba mu kaɗai ke da gona a ƙetare ba. Mutane sun yi cincirindo a kansa, kowa yana rantsuwa tasa gonar ta fi kusa da halaka. Mu da aka san muna da jirgi sabo fil, aka bar mu a baya. Kafin layi ya zo kanmu gulbi ya ƙara haukacewa, masuntan suka ja jirginsu tudu suka ce ba za su kashe kansu a kan geron wani ba.

Na ɗauki gora, babbar nan da ake kifa ciki a kai a yi iyo, na hau can sama da gari na faɗa. Ruwa ya ɗauke ni kamar kara, na fita nesa da inda na nufa, na dawo ta cikin laka. Na tarar ruwa ya shiga gona har gwiwar gero. Ya nuna, wallahi ya nuna, kai ya sunkuya don nauyi, tsuntsaye na shagalinsu. Na tsaya a tsakiyar abincin shekara guda ina jin yunwa, ba ni da abin ɗauka sai kaina. Na yanki abin da zan iya ɗaurawa a ka da rawani, na sake faɗawa ruwa. Rabinsa ya tafi a hanya. Abin da ya iso Kulu ta sussuka ta daka, aka yi kunu mai kauri, yaron ya samu nono ya yi barci. Na so in koma washegari, sai ga gawar wani bijimin sa ta wuce a ruwa, ƙafafu a sama. Inna ta sa aka ɓoye gorar.

Yaya bai ƙara cin abincin kirki ba. Da dabaru suka ƙare ya ɗauki guduma ya nufi gida, na bi shi, sai na ga yana cire ƙyauren ɗakinsa. Ya cire na ɗakina, ya cire na Inna, ƙyamaren nan da yake taƙama da su. Ya tsattsaga su sirara, ya miƙar da tsofaffin ƙusoshi a kan dutse, ya bi tsakanin katakan jirgi yana rufewa da su, tsumma a ƙasa. Matarsa ta rataya tabarma a bakin kowane ɗaki, feshi na shigowa.

Yoyon ya ragu, har muka sa rai. Muka shiga mu biyu, shi da sandar tuƙi, ni da ƙwarya. A lungu jirgi ya yi lafiya. Muna shiga igiyar ruwa ya fara murɗawa, facin ya ɗaga, ruwa ya taso ta ƙarƙashinsa. Ina kwarfa, yana kai mini idon sawu. Ina kwarfa, ya kai ƙauri. Ba mu yi rabi ba, kuma ba komai a ciki sai mu. Na yi ta ihu mu ci gaba, ga gona can ina hango ta. Yaya ya juya kan jirgi. Da ƙyar muka kama wani reshe can ƙasa da gari, mutane suka jawo mu da igiya.

A gaɓar nan na gaya masa maganganu. Na ce ƙyaure ya iya, da ya tsaya a ƙyaure. Na ce sheƙi ya so mutane su gani, ga shi sun gani. Na ce in ɗana ya mutu ya san wanda ya kashe shi. A gaban jama'a na faɗa, ƙane ga wansa. Ya tsaya ruwa na zuba daga rigarsa, ya ce, "Ka yi gaskiya," ya juya ya mayar da jirgin lungunsa ya ɗaure, ya bar shi ya nutse.

Abin da ya rage kallo ne. Daga kan gaɓa ana hango gonar. Kullum in je in tsaya, in ga kore ya ragu ja ya ƙaru. Gero ba shinkafa ba ne, ba ya jure tsayuwa a ruwa. Saiwa ta saki, kara ya kwanta, layi bayan layi. Wata safiya na duba ban ga komai ba sai ruwa shimfiɗe, da tsuntsaye suna shawagi suna neman inda za su sauka. Na ji baƙin ciki irin wanda ban taɓa ji ba ko a ranar da aka binne Baba.

Dole ta sa na kai Kulu da yaron gidan iyayenta a Jangebe. Babu abin da ya kai wannan ƙasƙanci, ka tsaya gaban surukinka ka ce ka kasa ciyar da 'yarsa. Mutumin kirki ne, ya ce shekara ce, ba ni ba ne, amma na fito ban iya ɗaga kai ba. Yaya ya shiga ƙauyuka da kayan aikinsa a kafaɗa, yana fere wa mutane ƙyamaren da suka cije, a ba shi ɗan hatsi a ƙwarya. Da wannan da ganye gidan ya rayu. Tsakanina da shi sai gaisuwa, ita ma a taƙaice. In ya shigo zaure in fita.

Marka ta ɗauke, sama ta washe, gulbi ya fara ja da baya yana barin laka mai tsagewa. Ƙauye ya cika da ƙarar sussuka, daga gidajen masu gonar tudu. Wata safiya Yaya ya tsaya a bakin ɗakina, inda tabarma ke rataye har lokacin.

"Ummaru, ɗauko buhunna. Mu tai mu ga abin da Allah ya bar muna."

Na so in ce da wane jirgin, amma na bi shi. Muka tarar da shi a nutse inda aka bar shi, gansakuka ta hau. Muka kwarfe. Ina jira in ga ruwa ya dawo, bai dawo ba. Katakan sun kumbura sun ciji juna, sun matso tsummokaran waje, facin ƙyamaren ya bankare ya tashi, Yaya ya ɓalle shi da hannu ya zubar. Jirgi ya ɗago ya zauna a kan ruwa cas, kamar bai taɓa saɓa wa kowa ba.

Muka ƙetare. Gonar wari take, warin ruɓaɓɓen kara. Gero kwance cikin laka, zangarniya ta yi baƙi, in ka ɗaga ta narke a hannu, wata ta tsiro a jikinta. Muka bi layi-layi muna juyawa da ƙafa. A wani ɗan tudu kusa da gidan tururuwa muka samu 'yan kawuna da ruwa bai daɗe a kansu ba. Muka murje su a kan buhu, muka zuba a gindin jirgi, sauran buhunan muka naɗe su yadda muka zo da su.

A hanyar dawowa ni na karɓi sanda. Yaya ya zauna a tsakiya, ya sa tafin hannunsa yana bin haɗin katakan ɗaya bayan ɗaya, daga gaba har baya. Ni kuwa, Allah ya sani, so nake ya yi yoyo. Da ya yi yoyo da na ce aikin banza ne tun farko, in ci gaba da fushina cikin kwanciyar rai. Amma ban taɓa shiga jirgi mai kyawunsa ba. Yana yanka ruwa ba girgiza, ƙafata a bushe, har ƙura na gani a kan yatsuna.

Yaya ya ɗago hannunsa ya duba, ya nuna mini. "Ko ɗigo babu," ya ce. Ya juya mini baya, kafaɗunsa na rawa. Na ci gaba da tuƙi, don in na tsaya ban san abin da zan yi ba.

Inna na tsaye a gaɓa. Ta ji mun tafi, ta biyo mu da ƙwarya a hannu. Ta leƙa cikin jirgin, ta dubi buhunan da ke naɗe, ta dubi ɗan tsibin da ke gindi. Ta tsuguna ta kwashe shi da hannu biyu, ta share har ƙwayar ƙarshe, duka ya shiga ƙwaryar da sauran wuri. Ta ɗora a kai ta miƙe.

"Sannunku da aiki," ta ce, ta yi gaba, muka bi ta a baya.